Zoben alamar saƙa: amsa ga mai son yi wa 'yan ajinsu kyautarsa

Wata ɗaliba ta aiko da tambaya kamar haka: "Anti, mu tara ne a ajinmu na koyon saƙa, wata mai kamawa za a yaye mu. Na ga hotunan 'yan zobban nan masu duwatsu da ake maƙalawa a jikin saƙa don alama, ina so in haɗa da hannuna in raba wa sauran takwas ɗin. Na iya jigida da sarƙar wuya, amma wannan ban taɓa yi ba. Me zan saya, guda nawa zan ba kowace, kuma yaya zan yi su yi kyau?"

Ƙanwata, Allah Ya kai mu ranar lafiya, Ya sa albarka a abin da kuka koya. Shawarar da kika yanke ta fi rabon sabulu da ƙyallen hannu da aka saba, domin abu ne da mai saƙa za ta riƙa taɓawa kullum. Sai dai akwai inda nake jin tsoron hannunki, kuma ba ko'ina ba ne illa jigidar nan da kika ce kin iya. Mai jigida idonta na kan dutse: wanne ya fi ƙyalli, wanne ya fi cika ido. Ita kuwa alamar saƙa kayan aiki ce, 'yar'uwar almakashi da tef ɗin awo. A hular jariri guda ɗaya za ta ratsa tsakanin zare da yatsa sau arba'in ko hamsin. Ranar da ta figi zare, ta gama yawo. Za a gode miki, a jefa ta ƙasan gwangwani, a koma ɗaura guntun zare mai wani launi kamar yadda iyayenmu suke yi.

Ni ma an taɓa yi mini irin wannan kyauta. Wata ɗalibata ce ta kawo mini guda biyar, kowace da dutsen gilashi mai kusurwoyi, in rana ta haska shi sai ɗaki ya ɗauka. A lokacin ina kan farin shawul na suna, saura kwana huɗu. Layi na uku da sa su, bakin wayar da ta naɗe dutsen da ita ya kama zare ya zaro shi kusan tsawon ɗan yatsa. Na kwana ina mayar da shi da allura. Har yau suna nan a akwatina, kyan ɗan maciji, ban sake sa su ba, ita kuma ban taɓa gaya mata ba. To ƙawayenki ma ba za su gaya miki ba, shi ya sa nake gaya miki yanzu.

Kafin ki sayi ko ƙwayar dutse ɗaya, ɗauki takarda ki rubuta sunayen takwas ɗin, a gaban kowace ki sa abin da ta fi saƙa da shi: kibiya ko kwarashi. Nan ne yawancin masu wannan kyauta suke tuntuɓe. Mai kibiya biyu idanun saƙarta, wato ɗaurin zaren nan da ke jere a kan kibiya, duk a buɗe suke suna jiran layi na gaba. Alamarta a kan kibiyar take zama, tsakanin ido da ido. In ta iso wurin sai ta zame ta daga kibiyar hagu zuwa ta dama, ta wuce. Zoben ba ya shiga jikin saƙar ko kaɗan, saboda haka rufaffen zobe ne nata. Mai kwarashi kuwa ido ɗaya tak ke kan kwarashinta, sauran duk an rufe su. Ba ta da inda za ta rataya alama sai a jikin idon da ta riga ta saƙa, kuma in ta zagayo dole ta cire ta, ta matsar da ita sama. Tata sai mai buɗewa da rufewa. Ki ba ta rufaffen zobe, ba ta da hanyar sa shi. In kuma ta yi dabara ta zura shi a zare ta saƙa a kai, ya zauna ke nan, sai almakashi ko warwara.

Mai buɗewa ta fi yawan amfani, don ko mai kibiya tana bukatarta: ta maƙala ta a layin da ta fara ragi don ta ƙirga daga nan, ta nuna fuskar saƙa da bayanta, ko ta riƙe idon da ya suɓuce kafin ya tsere ƙasa. Duk wadda kike kokwanto a kanta, yi mata mai buɗewa. A azuzuwan da na koyar, masu kwarashi sun fi yawa nesa ba kusa ba, ina kyautata zaton haka naku yake. In akwai wadda ta koma keken saƙa, kada ki ba ta zobe, ba shi da mazauni a wurinta, kuma abu mai lilo kusa da allurai na iya sarƙe kan keken. Ita ma mai buɗewa za ki ba ta, za ta yi mata aiki wajen haɗa gaban riga da bayanta, ko daidaita hannu kafin ɗinkewa.

Sai girma. Ramin zobe ya fi kaurin kibiya da milimita 1 zuwa 2, iyakarsa ke nan. In ya matse, ba ya zamewa, sai an tsaya ana tura shi da farce. In ya yi faɗi da yawa, ko wayarsa ta yi kauri, yana raba idanun da ke gefensa, sai ki ga wata 'yar hanya ta miƙe a jikin rigar daga sama har ƙasa daidai inda alamar ta bi. Kada ki dogara da lambar da ke jikin kibiya. A kasuwanninmu tsofaffin kibiyoyin Ingila da sababbi masu lambar Amurka a cakuɗe suke, lambobin kuma hannun riga suka yi: a tsohon lissafin Ingila, lamba na hawa kibiya na sirancewa, a na Amurka lamba na hawa tana kauri. Lamba 8 ta Ingila milimita 4 ce, ta Amurka milimita 5. Lamba 10 ta Ingila milimita 3.25 ce, ta Amurka milimita 6, kusan ninki biyu. Da milimita za ki yi aiki. Kayan jarirai da zaren ulun da muka saba saya yawanci tsakanin milimita 3 da 4.5 ake saƙa su, don haka zobe mai rami milimita 5 ko 6 ya wadatar da su. Mai saƙa suwaitar manya da zare mai kauri, ki kai mata 8 ko 9. In kina so ki tabbatar ba tare da asirinki ya tonu ba, ari kibiyarta ki ce za ki gwada wani abu. A aji ba wanda ke tambayar dalilin aron kibiya.

Akwai wani tarko a wajen saye. Masu sayar da kayan sarƙa galibi faɗin waje suke faɗa, ba ramin ciki ba. Zoben da aka ce miki milimita 8 ne, in wayarsa 0.8 ce, raminsa 6.4 ne, don waya ta ci gefe biyu. In kuma kin zura masa dutse, jikin dutsen zai ƙara cin wani wurin. Tafi da kibiya a jakarki, ki zura a gaban mai kaya.

Yanzu ga aikin. Na fi son in fara koya wa mutum hanyar da ba ta da bakin waya ko ɗaya a waje, ita ce zobe mai dutse ɗaya a kan mahaɗa. Ki sami 'yan zobban nan da ake haɗa sarƙa da su, masu tsaga a gefe ɗaya, da ƙananan duwatsun gilashi masu lamba 6/0, waɗanda faɗinsu wajen milimita 4 ne. Masu lamba 8/0 wajen milimita 3 ne, suna shiga in wayar siririya ce. 11/0 kuwa, irin na ado a jikin riga, raminsu ya yi ƙanƙanta. Riƙe zoben da filaya biyu, ɗaya a kowane gefen tsagar, ki murɗa hannu ɗaya gaba ɗaya baya, kamar mai buɗe ƙyaure. Kada ki ja shi hagu da dama kamar mai buɗe bakin buhu, in kin yi haka ya bar da'ira har abada, ko kin mayar ba zai haɗu daidai ba. Zura dutse, murɗo zoben ya koma, ki ɗan wuce da shi ki dawo har ki ji bakin biyu sun gogi juna. Ɗiga gam a kan tsagar da bakin tsinken sakace, ki jawo dutsen ya hau kanta ya rufe ta ruf. Ki jera su a kan leda su kwana.

Maganar gam: sufa gulu yana kamawa nan take, amma yana barin wani farin hazo a jikin gilashi, kuma da ya daɗe yana ƙeƙashewa ya saki. Gam mai bututu biyu da ake cakuɗawa, irin su Araldite, shi ne na wannan aiki. Ki cakuɗa kaɗan-kaɗan, gwargwadon ƙwayar wake, don mai saurin kamawar cikin 'yan mintoci yake daskarewa, kafin ki kai zobe na shida ya zama dutse shi ma. Ɗigo ɗaya ya isa. In ya tumbatso gefen dutsen ya bushe, shi kansa ƙaya ne.

Irin da kika gani a hoto, mai dutse yana lilo, shi ma ana yi, amma a nan ne ake bukatar hannu. Hanya mafi sauƙi ita ce da siririyar wayar nan ta ƙarfe mai rigar roba da masu sarƙar duwatsu ke amfani da ita, mai kaurin milimita 0.38 ko 0.45. Yanki santimita 8 zuwa 10, ninka biyu, ki zura bakin biyu tare cikin duwatsunki, biyu ko uku, sannan cikin 'yar ƙwayar ƙarfen da ake matsewa. Sa kibiyar da ta fi ta wadda za ki ba kauri kaɗan a cikin maɗaukin da ya samu a sama, ki turo duwatsun har su kusa taɓa ta, ki matse ƙwayar da filaya, ki yanke saura dab da ita. To wurin yankan nan shi ne maƙiyinki. Wayar silla-silla ce a ciki, bakwai ko fiye, in kin bar ko rabin milimita za ta yi ta kama zare kamar ƙarangiya. Ko ki rufe wurin da murfin da ake sayarwa don haka, ko ki zaɓi dutsen ƙarshe mai babban rami wanda ƙwayar za ta shige ciki ta ɓuya, ki cike da ɗigon gam. Amfanin wannan iri shi ne maɗaukinsa siriri ne ƙwarai, ba ya barin hanya a saƙa, kuma yana lanƙwasa ya bi hannu. Ana yi da zaren roba na kamun kifi da kuke jigida da shi, amma ƙullinsa na kwancewa, in kuma an ƙona bakinsa da ashana yana barin ɗan dunƙule mai kaifi. Ni ba na ba da shi kyauta.

In kin fi son fil mai kai, wanda ake jera duwatsu a jikinsa a lanƙwasa samansa, to kada ki tsaya a lanƙwasa kawai. Yi maɗaukin, ki rataya shi a zobe, ki naɗa sauran wayar a wuyansa sau biyu ko uku, ki yanke, ki danna bakin da filaya har ya kwanta tsakanin naɗin da dutsen. Wannan bakin ne ya ci mini shawul. Zoben da za ki rataya a kai kuma ya zama mara tsaga. Ana sayar da su a haka, in ba ki samu ba ki kai wa maƙerin fari, masu aikin azurfa, su haɗe miki bakin su goge. Aikin 'yan mintoci ne a wurinsu. Ki ce da azurfa kike so a haɗe, ban da dalma.

Ta masu kwarashi ba ta da wahala. Ƙugiyar da ake ɗaure sarƙar wuya da ita, mai ɗan harshen da ake dannawa da farce, ita ce kan alamar, sai ki rataya mata dutse ɗaya a ƙasa. Ki sayi mai tsawon milimita 14 ko 16. Ƙanana irin na siririyar sarƙa bakinsu ba ya ɗaukar zaren ulu, kuma mace mai aikin ruwa da wanki, farcenta gajere, za ta yi ta fama da ɗan harshen nan har ta haƙura. Abin da ya fi ƙugiya ma, a ganina, shi ne ɗan kunne mai maƙulli a baya, wanda ake ɗagawa a mayar ya ce ƙas. Bakinsa na buɗewa sosai, jikinsa sumul, da hannu ɗaya ake sa shi. Ba gidan da ba a rasa ɗan kunnen da ɗan'uwansa ya ɓata. Bi 'yan'uwanki ki tattaro, ki wanke, ki cire abin da ya yi nauyi a jiki. Fil ɗin da muke maƙale mayafi da shi kuwa, mai naɗi a gindi, ki bar shi inda yake: zare na shiga cikin naɗin ya ƙi fita. Akwai wani iri mara naɗi, mai siffar ɗan tulu, irin wanda ake rataya takardar farashi da shi a sababbin kaya. Shi kam yana yi, har ana zura masa ƙananan duwatsu biyu ya zama alama ba tare da filaya ba.

Mu koma kan dutse, inda na san zuciyarki take. Ki zaɓi mai santsi, mulmulalle, wanda bai wuce milimita 6 ba, in ya yi yawa 8. Tsawon alamar duka daga zobe zuwa ƙasa kada ya haura santimita 3. Abu mai nauyi yana jan idon da yake jiki ya buɗe shi, musamman a kwarashi inda nauyin duka a kan zare ɗaya yake, mai tsawo kuma yana shiga cikin saƙa a saƙe shi ba a sani ba. Ƙananan duwatsun gilashi na Japan, irin Miyuki da Toho, sun fi daidaito a girma da rami, na ƙasar Cek suna biye. Na buhu da ake aunawa da cokali ma suna yi, sai dai ki zauna ki tsince, don a cikinsu akwai masu toshasshen rami da masu fasasshen baki. Giram 10 na lamba 6/0 ya haura ƙwaya 100, kin ga ƙulli ɗaya ya ishe ki har da saura.

In kina Kano kika shiga Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, za ki ga duwatsun da za su sa ki manta da duk abin da na faɗa. Akwai na Bida, aikin Masaga, waɗanda suke narka kwalba su naɗe ta a jikin sandar ƙarfe. Akwai na Kurobo daga Ghana, da ake daka kwalba ta zama gari, a zuba a mazubin yumɓu, a tsaya da karan ganyen rogo a tsakiya, in an gasa karan ya ƙone ya bar rami. Ina son su, ina da su. Amma yawancinsu manya ne, na garin kwalbar kuma jikinsu da ɗan kaushi kamar yashi. Ki sa irinsu a bakin zif ɗin jakar da za ki zuba alamomin, ko ki tsinci mafi ƙanƙanta da santsi ki yi alama ɗaya da shi a kowane saiti. Wuri ma, irin na kuɗin da, haka yake: yana da haƙora a tsagarsa, wanda aka fasa wa baya kuma gefensa wuƙa ne sai an goge da samfefa. Ban da haka, akwai matan da ba sa son wuri a kayansu saboda alaƙarsa da duba da bori. Kin fi ni sanin ƙawayenki. Abu ɗaya da zan hana ki kai tsaye shi ne 'yan ƙarafan nan masu sunan Allah ko aya. Alama faɗuwa take yi, a ƙarƙashin kujera ake tsintarta, wani lokaci a shara.

Ƙarfe kuma, tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu. Abin da ya manne masa da ƙarfi baƙin ƙarfe ne aka yi wa wankan gwal ko na azurfa, da damina ta sauka zai yi tsatsa, tsatsa kuwa a farin zare ba ta fita. Jan ƙarfe da tagulla ba sa tsatsa amma suna dusashewa, da gumi kuma suna yin kore. A rufaffen zobe da ke yawo kan kibiya wannan ba wani abu ba ne, amma a mai buɗewa da za ta yi wata biyu maƙale a farin bargo, matsala ce. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokali, shi ne ya fi kwanciyar hankali. In akwai wadda ɗan kunnen kasuwa ke sa wa ƙaiƙayi, yawanci sinadarin nikel ne a cikin wankan, ita ki yi mata da wayar mai rigar roba.

Wata 'yar dabara in kuɗi sun yi kaɗan: masu gyaran fanka da injin ruwa suna da wayar jan ƙarfe mai rufin fenti a jiki, irin wadda suke naɗin koyil da ita. Mai kaurin milimita 0.8 tana yin zobe, rufin kuma na hana ta yin kore. Ki naɗe ta a jikin kibiya kamar sifirin, ki zare, ki yanka ɗaya-ɗaya. Ki lura, filayar yanka gefe ɗaya take bari a miƙe, ɗayan da tsini, sai kin juya ta kin sake datse tsinin kafin bakin biyu su haɗu. Wayar tana da taushi, don haka ki ɗan bubbuga zoben a hankali da gudumar katako ya yi ƙarfi, kuma lallai a rufe mahaɗar da dutse da gam.

Duk wadda kika gama, sai ta ci jarrabawa kafin ta shiga jaka. Sami tsohon mayafi mai shara-shara ko tsohuwar safa mai laushi, ki cusa alamar ciki ki ja ta gaba da baya, ta kowace fuska. In ta kama ko silli ɗaya, ta koma wurin gyara. Yatsa ba ya jin abin da mayafi ke ji. Su kuma duwatsun, tun kafin ki fara aiki ki jiƙa kaɗan daga kowane launi a ruwan ɗumi da sabulu, ki goga a farin ƙyalle. Wasu launin a cikin gilashin yake, wasu fenti ne aka shafa a waje ko a cikin rami. Ja mai haske, ruwan hoda da shuɗi mai ƙyalli su na fi kamawa da zuba.

Guda nawa? Ki ba kowace shida: biyar iri ɗaya, ɗaya daban. Ta daban ɗin ita ce uwa, ita ke nuna farkon zagaye, kuma ki bambanta ta yadda ko a hasken fitilar waya, in an ɗauke wuta, za a gane ta, har da taɓi ma, ba launi kaɗai ba. Ga inda shidan ta fito. Suwaitar da ake farawa daga wuya a sauko, mai hannun ragilan (ana danganta sunan ga Lord Raglan, hafsan Ingila da ya rasa hannunsa a yaƙin Waterloo a 1815), tana da wuraren ƙari huɗu, inda hannu ke haɗuwa da gaba da baya. Ana ƙara ido ɗaya a kowane gefen alama, takwas ke nan, a tsallake zagaye ɗaya a sake. Alama huɗu da uwa, biyar. Rigar jariri ta kwarashi mai wuya murabba'i ita ma kusurwa huɗu ce. Mai ɗora ido 120 na bargo, in tana sa alama bayan kowane 20, biyar za ta ci, kuma ba za ta sake komawa farko don yaro ya kira ta a tsakiyar ƙirga ba. Ta shidan ta ɓata ce, don wallahi sai ɗaya ta ɓata. Mai hula ko 'yar tsana da ake saƙawa a zagaye ba tare da rufe layi ba, idanu na hawa 6, 12, 18, 24, ita guda ɗaya ma take bukata, amma ba ta iya motsi in babu ita.

Shida sau takwas, 48. Kada adadin ya tsorata ki, mai dutse ɗaya a kan mahaɗa in hannu ya saba kina yin ashirin tsakanin la'asar da magariba. Masu lilo ne ke cin lokaci, don haka ki bar su ga uwa kaɗai, takwas ke nan, ki zuba duk gwanintar jigidarki a kansu, da harafin sunan kowace in kin sami duwatsu masu haruffa.

Akwai ƙari ɗaya da nake ganin ya fi duk sauran daraja ga mai kwarashi, ba kuma kowa ke tunaninsa ba: alama mai lamba. Dukkanmu muna ajiye aiki rabi, mu zare kwarashin mu kai wani aikin, bayan wata uku mu dawo muna tambayar kanmu da 3 aka fara ko da 3.5. Bambancin rabin milimita yana fitowa a jikin bargo ƙarara. Ƙugiya mai duwatsu masu lamba, a maƙala ta a idon ƙarshe, ta yi aiki biyu: ta riƙe idon kada ya warware, ta kuma tuna da girman kwarashin. Ki duba girman da kowace ta fi riƙewa a aji ki yi mata nata.

Abin zubawa kada ya ci miki kuɗi. 'Yar jaka mai zif daga ragowar atamfa a wurin tela ta isa, ko ƙaramin gwangwanin alewa mai murfi. Gwangwanin Robb ya yi daidai a girma, amma warinsa ba ya fita da wanki ɗaya, zai bi zare har jikin jariri. Ƙaramin alabe na fata yana da kyau ƙwarai, sai dai ki goga farin ƙyalle a cikinsa tukuna, don jar fata da rininta kan zuba. Ki jefa 'yar ƙunshin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Kowane ne dai ya kasance yana rufuwa gam, saboda yawancin masu saƙarmu da yaro a gefe suke yi, dutse mai launi kuwa a idon mai rarrafe alewa ne. A Amurka, ƙa'idar kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3 ita ce duk abin da ya shige cikin bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7 ana ɗaukarsa abin da zai iya shaƙe yaro. Alamominki duka za su shige har da sauran wuri. Ki rubuta adadinsu a 'yar takarda ki sa a ciki, ki kuma gaya wa kowace da bakinki ta ƙirga su kafin ta miƙa kayan jariri. Na taɓa ganin hula ta je gidan suna da alama maƙale a cikinta, kakar yaron ce ta ji ta da hannu.

Kin ce wata mai kamawa ne, kina da lokaci. A makon nan ki yi uku kacal: rufaffiya ɗaya, mai lilo ɗaya, mai ƙugiya ɗaya. Ki sa su a aikin da kike saƙawa na yaye, a gida, inda 'yan aji ba za su gani ba, ki yi kwana bakwai da su. Wadda kika ji hannunki yana kauce mata, ko kika cire ta kika ajiye a gefe ba ki sani ba, ki duba abin da ya sa, ki gyara, sannan ki sayi kayan sauran. In kin je sayen, ƙara zobba goma a kan lissafi, don na farko-farko sai sun lanƙwashe. Malamarku kuma kada ki bar ta a baya, ita tata ki yi goma sha biyu, don ɗalibai ne ke kwashe mata.